Sunan Da Asama'u Ta Tafi Da Shi

Na daɗe ina ɗaukar neman asali a cikin tsofaffin takardu aikin wanda ya ƙoshi. Shekarun da na yi ina karatu a Aberystwyth, wani ƙaramin gari a bakin teku a ƙasar Wales, akwai babban laburare a kan tudu inda nakan je neman ɗumi da shiru. A nan nakan tarar da tsofaffi daga Amurka da Ostareliya sun duƙa a gaban na'ura suna juya hotunan littattafan coci, suna neman ranar da aka yi wa wani kakan kakansu baftisma. Wata tsohuwa ta taɓa fashewa da kuka a gefena don kawai ta ga wani suna. Na ce a raina mu ba mu da wannan ciwon. Bahaushe in yana son sanin kakansa, gwaggonsa zai tambaya. Har yau ban tabbata na rabu da wannan ra'ayi ɗungurungum ba. Ban kuma tabbata Salmanu zai so a rubuta labarinsa ba, tunda ba a ci nasara a cikinsa ba. Amma a wurinsa na ga akwai tambayar da tsohuwar gida ba ta amsawa, ko da ita kaɗai ta san amsar.

A 2005 na fara ganinsa. Na gama karatu na koma Kano, aiki bai samu ba, sai wani kamfanin jigilar kaya ya ɗauke ni ya turo ni ofishinsa na unguwar Al Rigga a Dubai. Wata rana aka aike ni sito a Dubai Investments Park in duba kwantenar wani ɗan kasuwar Sabon Gari kafin a rufe ta. Zafi ya kai inda ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. A bakin kwantenar wani dogon mutum ja, mai furfura jefi-jefi, yana tsaye yana taɓa kowane katan da gindin biro yayin da leburori 'yan Bangaladash ke wucewa da su. Na ɗauka ɗan Iran ne, sai na ji ya yi wa wani tsawa da Hausar Jos. Sannan ya koma ƙirgarsa a hankali.

"In, dai, tiri, fedwar, fim."

Ya ja layi a takarda, ya sake daga farko. Rabona da jin wannan ƙirga tun a bakin yaran firamaren da ke bayan ɗakina a Wales.

Na yi sallama, na ce, "Yaya, da wane yare kake ƙirga?"

Bai ko ɗago ba. "Yaren gidanmu. Kai habibi, shwaiya shwaiya, tangaran ne a ciki!" Wannan da lebura yake, yana ce masa ya bi a hankali.

"Bayan fim fa?"

"Bayan fim sai a koma in. Iyakarsa ke nan."

Na ce, "Hwek, saith, with, nau, deg."

Ya juyo ya dube ni. Katan-katan suka yi ta wucewa ba mai ƙirga su. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka ƙasa. "Kai ɗan wane ne? A ina ka samo wannan?"

Na gaya masa sunana Musbahu, na gaya masa inda na yi karatu. Ya sa na maimaita daga shida zuwa goma har ya rubuta su a bayan takardar kaya. Ranar sai da aka sauke rabin kwantenar aka sake ƙirgawa.

An haifi Salmanu a Bukuru gab da samun 'yancin kai. Tun yana ƙarami ake kiransa Jatau saboda jar fatarsa, masu son tsokana kuma su ce jikan Bature. Mahaifinsa direban babbar mota ne, ya rasu da wuri. Shi ya yi shekaru yana sayar da kayan gyaran mota a Jos, har rikicin 2001 ya cinye shagon da abin da ke ciki. Ya kai matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa Bauci wurin dangi, ya shigo Dubai da bizar ziyara, ya yi sa'a wani sito ya ɗauke shi mai lura da kaya. Mutum ne mai kaffa-kaffa, ba ya rantsuwa, ba ya son a taɓa masa biro. Shayinsa ba sukari. In yana dariya yakan rufe baki da hannu kamar ya yi laifi.

Ƙirgar nan daga kakarsa Asama'u ta fito. A shekarun 1930 tana sayar da tuwo a wani barikin haƙar kuza a bayan Barikin Ladi. Cikin Turawan barikin akwai wani da leburori suka sa wa Mai Waƙa, don ko a bakin rami yake sai ka ji yana rerawa da wani yare da sauran Turawan ba sa ji. Wani tsohon kuku ya taɓa gaya wa Salmanu cewa mutumin Wales ne, kuma ba abin da ke ɓata masa rai kamar a ce masa ɗan Ingila. Abin da ake faɗa a gidansu Salmanu shi ne Mai Waƙa ya yi kalmar shahada a hannun limamin barikin, aka ɗaura masa aure da Asama'u, suka haifi Mariya, mahaifiyar Salmanu. Abin da ake faɗa a unguwa daban ne: zaman dadiro aka yi, kamar yadda Turawan kuza da yawa suka yi. Da yaƙin Hitila ya tashi ya tafi, bai dawo ba. Barikin ya watse, limamin ya mutu, leburori kowa ya kama gabansa. Asama'u ta ɗauki 'yarta ta koma Bukuru gidan yayanta Mijinyawa, ba ta sake aure ba.

Na ce, "To mene ne sunansa na gaskiya?"

Muna zaune a wani shagon shayi a Al Rigga, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Salmanu ya daɗe yana juya kofinsa.

"Shi ne abin da nake so ka taya ni nema."

"Kakarku ba ta faɗa ba?"

"Malam Musbahu, kai ma Bahaushe ne, ko karatun ya cinye? Wace macen da ce za ta kama sunan mijinta? Mai gidan nan, ko shi, ko uban yarinya. Har ta koma ga Allah haka take cewa."

Mariya ta girma tana amfani da sunan kawunta. Da ta samu kujerar Makka, abin da aka rubuta a fasfonta ke nan, Mariya Mijinyawa. Ba ta taɓa nuna abin ya dame ta ba, sai wani azumi a Bauci da ta ji malami a rediyo yana cewa ranar alƙiyama za a kira kowa da sunansa da sunan ubansa. Ta sa aka kira mata Salmanu a waya. Ba ta tambayi lafiyarsa ba, ba ta tambayi aiki ba. Ta ce, "In an zo kaina, da wa za a kira ni? In aka kira ban gane ba fa?" Ya yi mata alkawari zai kawo mata sunan tana da rai. Lokacin ta doshi saba'in, ga ciwon sukari, idanunta sun fara rufewa.

Na gaya masa gaskiya tun ranar. A Wales kowane ƙauye yana da cocinsa, kowace coci tana da littafin da ake rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. An tattara yawancinsu a laburaren da na sani. Amma littafin suna ake shiga da shi. Ba a zuwa a ce ana neman wani dogo mai son waƙa.

Ya ce, "Mu fara dai. In ba a fara ba ai ba a san inda za a tsaya ba."

Muka fara. Kusan kowace Juma'a yakan hau bas daga masaukin ma'aikata, tafiya mai nisa, ya same ni a wani shagon intanet na 'yan Kerala a bayan Al Rigga. A shekarun nan an fasa titin ana haƙar hanyar jirgin ƙasa, sai ka bi ta kan katako tsakanin shingaye kafin ka kai ƙofa. Na rubuta wa wata ma'aikaciyar laburaren da muka saba, mace mai haƙuri. Amsarta ta farko layi biyu ce: tana murna da jin labarina, kuma mene ne sunan mutumin?

Da aka sa sunayen fasinjojin tsofaffin jiragen ruwa a intanet, muka koma kansu. Muka riƙa bin jiragen da suka tashi daga Liverpool zuwa Ikko, muna tsamo duk wanda aka rubuta mahaƙi ne ko injiniyan ma'adinai, mai suna irin na Wales. Nan Salmanu ya ga girman ramin da ya faɗa. Jones, Evans, Williams, Davies, sai kuma Jones. Na bayyana masa cewa mutanen Wales a da kamar mu suke kiran suna, wane ɗan wane, daga baya aka daskarar da sunayen ubanni suka zama na zuriya. Sai ka tarar da ƙauye guda rabinsa Jones, kuma ba su haɗa jini ba.

Ya ce, "Wato kamar in sauka a tashar Kano in ce ina neman Muhammadu ɗan Abdullahi."

"Kusan haka. Sai dai kai ko Muhammadun ba ka da shi."

Ya rufe baki da hannu ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba.

A 2007 ya bar masaukin ma'aikata ya kama ɗaki a International City tare da Yacouba, wani ɗan Damagaram mai sayen wayoyi a babbar kasuwar 'yan Sin da ke kusa yana aikawa Yamai. Rukunin gidajen nan kowanne da sunan wata ƙasa, nasu kuwa ya faɗo a wanda ake kira Ingila. Yacouba bai taɓa barin wannan ya wuce ba.

"Mon frère, me kuma kake nema? Ga ka a Ingila, ga bas a ƙofar gida. Kakanka ma bai samu haka ba."

"Kakana ba ɗan Ingila ba ne."

"Ah, pardon! Jikan Mai Waƙa ya yi fushi. To rera mana ɗaya mana, ko gadon bai biyo ta nan ba?"

Yacouba ne kuma ya taɓa kawo abin da ya zaci magani ne. Ya ce shi a Damagaram ya ji wasu malamai na cewa da sunan uwa za a yi kira ranar, don a rufa wa bayin Allah asiri. Salmanu ya kai wa mahaifiyarsa wannan a waya yana murna. Ta ce, "Asirin wa za a rufa? Ni ina da abin rufewa ne?" Ta miƙa wa jikarta wayar. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki.

Abin ya ci shi a hankali, yadda gara ke cin azara. Ya koyi karanta rubutun limaman coci na da, mai lanƙwasa kamar tafiyar tsutsa, har ya fi ni iyawa. Ya san sunayen ƙauyukan da bai iya furtawa ba, ya san inda ake haƙar kwal da inda ake fasa dutsen rufin ɗaki. Ya nemi bizar zuwa can da kansa bai samu ba. Hutunsa ya zo ya ƙi tafiya gida, na gaba ma haka, don ya ce ba zai iya shiga ɗakinta hannu rabbana ba. Matarsa ta kira ni sau ɗaya, ban san inda ta samu lambata ba. Ta ce, "Don Allah Malam, ka gaya masa matacce yake nema, masu rai suna nan suna jiransa. Ƙaramar 'yarsa ba ta ma gane shi a hoto." Na gaya masa. Ya ce ya ji.

Tunda ya ƙi zuwa, sai ita ta zo. A ƙarshen 2008 ya samo mata bizar ziyara don a cire mata yanar ido. Yacouba ya bar musu ɗakin ya koma falo. Na je gaishe ta bayan an yi aikin ido ɗaya. Ƙaramar tsohuwa ce, ta fi ɗanta haske, da bandeji a fuska da carbi a hannu, ta ƙi zama a kan kujera, sai da aka shimfiɗa mata darduma a jikin bango. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne wanda ya san ƙarshen ƙirgar?"

"Ni ne, Inna."

"Faɗa in ji."

Na faɗa. Ta bi ni da leɓe ba sauti. Ta ce innarta da wannan take ƙirga malmalar tuwo, biyar-biyar, ita kuma ta ɗauka duk duniya iyakarsa ke nan.

Na lura ba ta kiran sunan Salmanu. In tana son ruwa sai ta ce, "Kai, wannan." Shi ne ɗanta na fari. Muna cikin hira ta kawo labarin wata rana da ta ɓata a kasuwar Bukuru tana yarinya, ta ce sai ta jiyo innarta tana kwala kira, Uwani, Uwani.

Na ce, "Inna, Uwani take kiranki?"

"Ita kaɗai. Kowa Mariya yake cewa, ita ba ta taɓa faɗa ba."

"Don ke ce ta fari?"

"A'a, ɗan nan. Ta fari ai sai ta ce ke, ko yarinyar nan. Uwani kuwa sai mai sunan uwar miji. Sunan surukarta aka sa mini, yaya za ta kama shi?"

Salmanu ya miƙe tsaye. Kusan shekara hamsin yana jin wannan laƙabi bai taɓa tsayawa a kansa ba, don abin da ka tashi ka tarar a gida ba ka tambayar dalilinsa. Ashe tun farko suna riƙe da suna ɗaya daga Wales: mahaifiyar Mai Waƙa Mary take, ko wani abu mai kama da haka. Ranar ya raka ni har tashar bas yana magana ba numfashi. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ban iya gaya masa abin da na sani game da sunan Mary a ƙasar nan ba.

Muka aika wa ma'aikaciyar laburaren sunayen da muka tsamo daga jirage, muka roƙe ta ta duba wanda uwarsa Mary. Ta yi abin da ya fi ƙarfin zumunci. Ta bi ƙidayar 1901, ta bi littattafan coci ɗaya bayan ɗaya a lokacin hutunta. Amsar ta zo bayan sabuwar shekara. Kusan rabin mutanen uwarsu Mary ce. Da yawa kuma babu su a littafin coci sam, domin mahaƙan Wales galibi ba cocin hukuma suke zuwa ba, suna da nasu ƙananan majami'u, kowace ɗariƙa da tata, kuma su ne ma aka sani da waƙa. Majami'un nan da yawa an rufe su, wasu sun zama gidajen kwana, wasu shagunan kafet, littattafansu wasu sun tsira wasu ba a san inda suka shiga ba. Da ta tace ta sake tacewa, da shekaru da sana'a da lokacin tafiya, mutum uku suka rage. Ta ce ba ta da wata hujja da za ta fifita ɗaya a kan sauran, kuma tana jin tsoron mai yiwuwa ne wanda muke nema ba ya cikinsu.

A makon ne aka tara ma'aikatan sitonsu Salmanu aka ce musu khalas, wato aiki ya ƙare. Lokacin kasuwa ta faɗi a Dubai, gine-gine sun tsaya da ƙarafansu a sama, kaya sun daina motsi. Wanda aikinsa ya ƙare bizarsa ta ƙare, sai ya tattara. Ta mahaifiyarsa ma ta kusa cika.

Juma'ar ƙarshe na je da la'asar. Falon cike yake da katan-katan da aka ɗaure da igiya. An cire wa Inna Mariya bandeji, ido ɗaya yana gani, ɗayan ba a kai ga yi ba. Na tarar Yacouba ya ja Salmanu kicin yana masa magana ƙasa-ƙasa, amma gidan ba shi da girman da za a ɓoye magana.

"Écoute, ɗan'uwa. Tsohuwa ce. Ka ba ta ɗaya ta tafi da shi, zuciyarta ta kwanta. Wa zai ƙaryata ka? Dubi na tsakiyar nan ma, Idris. Bature mai suna Idris! Voilà, Allah ya kawo maka har gida."

"A can ma suna da sunan. Ba shi ke nuna shi ne ba."

"Ba shi ke nuna ba shi ba ne kuma. Mariya Idris. Ka ji yadda ya zauna?"

Salmanu ya fito ya zauna a gabanta, ya tanƙwashe ƙafa kamar ɗalibi. Ya buɗe takardar da ma'aikaciyar ta aiko.

"Inna, an samu sunaye uku. Zan karanta miki, ko Allah zai sa wani ya yi miki kama da abin da kika taɓa ji."

Ta ajiye carbin. Ya karanta a hankali. Gwilym Rees. Idris Pugh. Emrys Howells. Ta ce ya sake, ya sake. Ta karkatar da kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Daga ƙasa ana jin masu tasi suna ta oda.

"Wanne ne?" in ji ta.

"Ba a tabbatar ba, Inna."

"To ni yaya zan gane abin da ban taɓa ji ba?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya faɗi abin da na san bai yi niyyar faɗa ba da ya shigo. "Ki zaɓi ɗaya, Inna. Akwai Idris a ciki. Allah ya san niyyarmu."

Ta dube shi da idon nan ɗaya.

"Kai, wannan. Na je ɗakin Allah da sunan aro sau ɗaya, na kawuna ma, wanda ya ci da ni ya tufatar da ni. Yanzu in je gabansa da na wani baƙo? In an kira ɗiyar Idris in tashi, 'ya'yansa na gaskiya su juyo su dube ni?" Ta ɗauki carbinta. "Ka bar shi haka. Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Na yafe maka alkawarin."

Ina jin da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce da Yacouba su sauka da kaya.

Suka tafi gida tare a makon da ya biyo. Ta rasu a Bauci da damina ta faɗi, ba a yi aikin ɗaya idon ba. Salmanu yana nan a Bauci, yana tsare wa wani shagon taya. Na ziyarce shi bayan na dawo gida. Ƙaramar 'yarsa ta kawo mana ruwa ta gaishe shi kamar yadda ta gaishe ni. Da aka kawo kaya na saurara, da Hausa ya ƙirga su. Ban tambaye shi takardun ba, shi ma bai ɗauko zancen ba.

Amma a ranar Juma'ar nan, da suka sauka da katan-katan aka bar ni da ita a falo, na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙewa. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Duk tsawon zamanku da mahaifiyarki, ba ki taɓa tsare ta kin ce sai ta faɗa miki ba?"

Ta ja carbi ɗaya, biyu.

"Na tambaye ta, ɗan nan. Tana kwance ciwon ajali, mu biyu a ɗaki. Na ce Inna, don girman Allah, sunan ubana. Ta buɗe baki, na ga harshenta ya ɗauko shi. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, tsohuwa da ita, kamar amarya. Ni kuwa bakina yana roƙonta, cikina yana cewa Allah kada ka sa ta faɗa. Mace ai ba ta jin kunyar sunan dadiro. Na miji kaɗai ake ɓoyewa. Da ta faɗa, da na samu suna na rasa uba. Shirun nan nata shi ne kaɗai shaidar auren da aka bar mini, kuma shi ne ya hana ni sanin ko ni 'yar wace ce."